Daga Mararrabar Tsarnawa zuwa Masallacin Yama

Tsarnawa gari ne da yawancin mutane suka sani ta tagar mota. A nan ne hanyar Tawa take rabuwa da babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta miƙe gabas zuwa Madawa da Maraɗi da Damagaram. Dare da rana manyan motoci suna wucewa, wasu da buhunan albasar Galmi, wasu da simintin Malbaza, wasu kuma maƙil da 'yan ci-rani masu komawa gida Adar, katifu da akwatuna ɗaure a bisa. Direba ya taka birki, 'yan talla su yanyame motar, a sayi ruwa da tsire, a ƙara gaba. Da wuya a ga wanda ya sauka don ya je ganin wani abu.

Alhali kuwa wanda ya sauka a wannan mararraba, ya ba kansa kwana biyu ko uku, zai iya taka ƙauyen da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya leƙa garin da Azna suke arwarsu ta shekara, sannan ya yi Juma'a a wani masallacin ƙasa wanda a 1986 aka ambaci sunansa a taro ɗaya da Masallacin Ƙudus. Duk cikinsu babu wanda ya wuce tafiyar 'yan sa'o'i daga tashar Tsarnawa.

Bahaushe ya daɗe da sanin ziyara, sai dai tasa ziyarar ta mutum ce. Ana zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato saboda wanda ke kwance a ciki, babu mai tambayar wa ya gina ɗakin. Ana cika motoci zuwa Kiyota ko Kaulaha lokacin Mauludi don a ga shehi, a nemi addu'a, a dawo da albarka. Amma a tashi takanas a je kallon bango da rufi, a tsaya ana duba yadda magini ya lanƙwasa baka, wannan al'ada ce da ta zo daga baya, kuma har gobe akwai masu mamakin mai yin ta. A wasu ƙasashe kuwa ta daɗe da zama hanyar cin abinci. A Hanoi, babban birnin Biyetnam, akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin ibada na mabiya Buddha da ke tsaye a kan ginshiƙi ɗaya a tsakiyar tafki. An fara gina shi a 1049. Sojojin Faransa suka rusa shi a 1954 suna kan janyewa daga ƙasar, a ƙarshen yaƙin nan da tsofaffin sojan Nijar suka sani sarai, domin tsohon shugaban ƙasa Seyni Kunce kansa ya yi aikin soja a can. Mutanen ƙasar suka sake tayar da shi, kuma yau baƙi daga ko'ina suna yin layi su gan shi. Katakon sabo ne, kowa ya san haka. Abin da ke jan mutane shi ne cewa shekara kusan dubu ba a rasa masu kula da wurin ba. Wanda ya fahimci wannan ba zai sha wuyar fahimtar masallatan ƙasa na Adar ba.

Mafi kusa da Tsarnawa cikin wuraren nan shi ne Masalata, dab da Birnin Ƙonni. Garin ya yi suna da Azna, masu riƙe da addinin gargajiya na kaka da kakanni, waɗanda kowace shekara suke taruwa su yi arwa, su faɗi abin da suka hango game da damina mai zuwa: ruwa, amfanin gona, cututtuka, zaman lafiya. Jama'a kan zo daga nesa, har daga tsallaken iyaka, wasu don sun yarda, wasu don kallo. Malamai da dama suna ƙyamar abin, suna kuma faɗi a fili, yawancin mutanen yankin ma Musulmi ne tun tuni. Duk da haka mai neman tarihin ƙasar Ƙonni ba shi da hanyar kauce wa Masalata, domin nan ne ake ganin ragowar tsarin da ya riga sarauta da malanta zama a ƙasar, lokacin da mai ƙasa shi ne wanda kakansa ya fara sare daji ya ƙulla alkawari da abin da ya tarar a wurin. Wuraren tsarkin Azna ba su da hasumiya. Dutse ne, ko itace, ko wani fili da baƙo zai wuce bai san ya wuce komai ba. Shi ya sa ba a shiga sai da ɗan gari, kuma inda aka ce a tsaya, sai a tsaya.

Ƙonni kanta a da tana da abin nuna wa baƙo, ganuwa da ƙofofi irin na biranen Hausa. Ranar 8 ga Mayu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa birnin, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta ƙone gidaje. Tsofaffin garin suna ba da labarin rijiyoyin da aka cika da gawawwaki. Bayan wata biyu hafsoshin biyu suka mutu a hannun sojojinsu can wajen Maijirgi, amma birnin da suka tarar bai sake komawa yadda yake ba.

Gabas da Tsarnawa, a yankin Galmi, akwai Maratta. A nan aka haifi Shehu Usmanu a watan Disamba 1754, lokacin ƙasar tana hannun Gobir. Danginsa Toronkawa sun daɗe a wannan yanki, domin riwayar gidansu ta ce kakansu Musa Jakollo ne ya kawo su ƙasar Ƙonni daga Futa Toro, ƙarnuka kafin haihuwar Shehu. Yana yaro iyalin suka koma Degel, daga can ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Taro ya bi kabari, mahaifa ta zauna shiru. Yadda aka yi Maratta ta faɗo Nijar, Hubbare kuma Najeriya, aikin alƙalamin Turawa ne. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun dasa tsinin kamfas a kan Sakkwato suka ja baka mai nisan mil 100, abin da ya jefa Ƙonni da kewayenta ɓangaren Ingila. Faransawa suka ga an bar musu hanyar da babu rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka gyara layin a 1904 da 1906. Da ba don ƙishirwar ayarin sojan Faransa ba, da yau ɗan Tsarnawa da naira yake cefane a hukumance.

Daga mararraba in aka juya arewa, ƙasa takan fara sauya fuska. Yashi ya ja baya, jan dutse da fako su bayyana, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, a tsakaninsu kwaruruka masu albarka inda ake noman albasa da dawa. Wannan ita ce Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya ci da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17, wadda kuma sarautarta ta zauna daga baya a Illela. (Kada a haɗa ta da Illelar Sakkwato da ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka; suna ne kawai ya zo ɗaya.) A cikin ƙaramar hukumar Badagishiri, nesa kaɗan da kwalta, ƙauyen Yama yake.

A 1962, shekara biyu bayan Nijar ta sami 'yancin kai, dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne ga ƙauye. A ƙasar Malikiyya tsayar da Juma'a shaida ce cewa gari ya zama gari, yana da mazauna na dindindin da za su cika sahu, ba sai sun bi hanya zuwa wani wuri ba. Ba su nemi injiniya daga Yamai ba, ba su kuma jira gwamnati ba. Suka danƙa aikin ga wani ɗan garinsu, manomi mai sana'ar gini, Falke Barmu. Sunan ma abin lura ne: falke a Hausa shi ne ɗan kasuwa mai dogon zango, mutumin da idonsa ya ga garuruwa.

Abin da ya gina da farko bai da wani ƙawa. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, layukan ginshiƙai suna ɗauke da shimfiɗaɗɗen rufi, sai ɗan ƙundun alƙibla da ya turo waje daga bangon gabas. Gayya aka yi. Wasu suka haƙo ƙasa, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka shiga daji neman itace, masu hali suka kawo hatsi da kuɗi.

Ya kamata a tsaya a kan wannan aiki kaɗan, domin wanda bai taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini ba yakan ɗauka laka ce kawai aka tara. Ana zaɓen ƙasar, ba kowace ake ɗiba ba. A jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, matasa su shiga da ƙafa suna tattakawa har ta yi danƙo, a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa, a sake tattakawa. Ciyawar ita ke hana ta tsagewa in ta bushe. Sannan a buga tubali a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan doki, yaro daga ƙasa yana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa, curin laka na biyo baya. Ba a ɗaga bango da yawa a yini ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska ya ƙarfafa. Gindin bangon yana da kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ma'aunin duk a ido yake da tafin hannu da igiya.

Wuyar aikin tana rufi. Laka tana da nauyi, itace kuwa in faɗin ɗaki ya yi yawa sai ya lotsa. A Kano da Zariya magina sun warware wannan da azara, tsagin giginya wanda gara ba ta ci: a dasa ta a bango tana leƙowa, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, gaɓa bayan gaɓa, kowace tana ƙara sunkuyawa, har hannun dama da na hagu su haɗu a sama, a lulluɓe da laka. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, ɗaki ya samu faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ƙwararren da ya kai wannan fasaha maƙura shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu. To, Adar ba ƙasar giginya ba ce. Maginanta sai suka koyi haɗa sanduna dami-dami, su ɗaure, su lanƙwasa, su binne cikin laka, su samu bakan da itace guda ba zai bayar ba.

A 1975 rufin masallacin Yama ya buƙaci gyara, aka sake kiran Falke Barmu, wanda jama'a suka sani da Alhaji Falke. Sai a tuna wace irin shekara ce. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga farin 1973 da 1974 ba, wanda ya ƙarar da dabbobi, ya tarwatsa garuruwa, ya kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani. Mutanen da suka ga wannan masifa su ne suka sake fitowa gayya. Falke kuma bai tsaya ga toshe yoyo ba. Ya sauke tsohon rufin, ya ɗora sabo a kan bakuna, ya buɗe tsakiyar ɗakin ya yi masa tulluwa. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, tare da barandun shiga. Shekara ashirin ke nan daga tubalin farko.

Hasumiyoyin nan su ne abin da baƙo yake fara hangowa, kuma su ne suka kai sunan Yama duniya. Babu biyu da suka yi kama. Kowace tana da tsayinta da ƙirarta, tana hawa hawa-hawa, ana ɗaure ta da ɗamara ta laka, tana tsukewa har ta ƙare da ɗan tsini. Wata ta yi kauri kamar rumbu, wata ta miƙe siririya. Injiniyan da ya koyi zane a takarda zai so ya daidaita su, ya auna ɗaya ya maimaita sau huɗu. Falke ya bar kowace ta fito yadda ta zo masa a shekarar da ya gina ta, amma in aka ja da baya aka dube su tare, sai a ga 'yan ɗaki ɗaya ne. Wannan ba sakaci ba ne. Mutum ne da ya yarda da hannunsa, garinsa kuma ya yarda da shi har ya ƙyale shi ya gwada abin da ba a taɓa gani ba a kan ɗakin Allah.

Mai ziyara ya fara da gidan maigari, ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi. Daga nan za a haɗa shi da wanda zai kai shi wurin liman ko ladan. Ya tuɓe takalmi a ƙofa, kada ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton kowa sai ya tambaya, kuma in zai tafi ya bar wani abu don gyaran masallaci. Da ya sa ƙafa ciki, abu na farko da zai ji shi ne sanyi. A watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan fakon Adar har iska tana rawa, kaurin bangon yana riƙe zafi a waje. Ido yakan ɗauki ɗan lokaci kafin ya saba da duhun. Sannan ginshiƙai su fara fitowa, masu kauri, daga kansu bakuna suna tashi suna rarrabuwa kamar rassan itace, haske yana zubowa ta 'yan ƙananan kafofi ya sauka a kan tabarmi. In ya kai hannu ya shafa bango zai ji sawun yatsun wanda ya yi yaɓe.

A 1977 Aga Khan ya kafa wata kyauta ta fasahar gine-gine a ƙasashen Musulmi, wadda ake bayarwa duk shekara uku. A zagaye na biyu, 1983, masallacin ƙasa na Niono a Mali, aikin magini Lasina Minta, ya shiga cikin waɗanda suka ci. A zagaye na uku, wanda aka yi bikinsa a Marrakesh ta Maroko a 1986, sai ga Yama. Ayyukan da aka karrama tare da shi sun haɗa da gyaran Masallacin Ƙudus bayan gobarar 1969, da raya tsohon birnin Mostar a Yugoslabiya ta wancan lokaci, da masallacin Bhong a Pakistan, da wani rukunin ofisoshi a Istanbul. Yawancinsu ayyuka ne na hukumomi da masu digiri. Na Yama aikin manomi ne da maƙwabtansa. Tun daga lokacin hotunan hasumiyoyin suka shiga littattafan da ake koyar da ɗaliban zanen gini a Turai da Amurka, kuma akwai ɗalibi a can da zai iya zana masallacin Yama da ka, alhali ɗan Ƙonni da yawa bai taɓa jin labarinsa ba. Wannan abin takaici ne, kuma laifin ba na Turawa ba ne.

A daidai shekarun da duniya take yaba ginin ƙasa, masu shi suna ta barinsa. Kano ta riga ta maye gurbin tsohon masallacinta da na siminti tun farkon shekarun 1950. Zariya ta lulluɓe aikin Babban Gwani cikin sabon gini a shekarun 1970. A nan kusa kuwa, masana'antar siminti ta Malbaza tana aiki tun shekarun 1960, kuma kowace motar da ta juya arewa a Tsarnawa da buhuna tana ɗauke da abokin hamayyar tubali. Ɗan Adar da ya yi shekaru a Abijan ko Legas ko Libiya, in Allah ya buɗa masa, burinsa ya gina wa garinsu masallaci na bulo da kwano da fenti, a sa lasifika a bisa. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen Larabawa ma irinsa suke ginawa.

Yana da sauƙi mutumin birni ya zargi ƙauyawa da rashin sanin darajar gadonsu, amma wanda ya yi haka bai duba lissafinsu ba. Ginin ƙasa yana son hannu kullum. Kowace damina tana cin wani abu daga jikinsa, kowane rani sai an mayar masa. Lokacin gini da yaɓe shi ne rani, bayan an kai amfanin gona gida. Lokacin ci-rani ma shi ne rani. Matasan da za su tattaka laka su ne waɗanda suke cika motoci a Badagishiri da zarar an gama girbi, kuma Adar ta fi kusan ko'ina a Nijar yawan masu wannan tafiya. Garin da majiya ƙarfinsa ba sa nan wata shida a shekara, in ya zaɓi bangon da ba ya neman yaɓe, yana da hujja. Sai dai kuɗin da ake biya a madadin shi ne zafi: ɗakin kwano da azahar a watan Mayu ba ya zaunuwa sai da fanka, fanka kuma sai da wuta. Birnin Jenne a Mali ya tsare babban masallacinsa na 1907 ne saboda ya mai da yaɓen shekara biki na gari duka. Agadas ta tsare hasumiyarta mai mita 27, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ƙananan ƙauyuka ba su da irin wannan gata.

Shi ya sa abin da ya faru a Dandaji ya cancanci a ƙara tafiya a gani. Dandaji ƙauye ne a ƙasar Illela, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Mahamadu Isufu. Yana da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, irin salon da Falke Barmu ya yi suna da shi, amma ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Shawarar da aka fara yi ita ce a rushe shi a gina na siminti. Sai Mariyama Isufu Kamara, mai zanen gine-gine wadda tushenta na garin ne, ta shigo da wata shawara tare da abokiyar aikinta 'yar Iran, Yasaman Esmaili. Mariyama ta fara ne da aikin kwamfuta kafin ta koma karatun zanen gini a Amurka, ta kuma buɗe ofishinta a Yamai a 2014 da suna na Hausa, Masomi. Suka ce a bar tsohon masallacin a tsaye, a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa mai ɗaukar mutum 1,000.

Hikimar da suka yi ita ce neman maginan da suka yi aikin tsohon ginin tun farko, aka sa su cikin aikin. Sabon masallacin an yi shi da bulon jar ƙasa da aka haƙo kusa da garin, ana matse ta da injin hannu, tana ba da sanyin tubali ba tare da neman yaɓe duk shekara ba. Siminti da ƙarfe sun shiga inda dole sai da su. Rufin kuwa tulluwa-tulluwa ne, daga hannun maginan gargajiya. A cikin tsohon ginin aka kafa kantocin littattafai da wani ɗan bene tsakanin ginshiƙai, aka ƙara azuzuwa na yara da na manya masu yaƙi da jahilci. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa. Tun kafin a gama, zanen ya ci lambar zinare ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, wato gidauniyar wani babban kamfanin siminti ce ta karrama ginin ƙasa. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne matan garin, waɗanda da ba su cika kusantar harabar masallaci ba, yanzu suna da dalilin shiga kullum.

Ba kowane ƙauye ne yake da 'ya mai zanen gini ba, ba kuma kowane ne zai samu kuɗin da Dandaji ta samu ba. Yama ma ba za ta mai da masallacinta ɗakin karatu ba, domin salla aka gina shi dominta. Baƙi daga Turai da a da suke biyowa ta nan a kan hanyarsu ta Agadas sun ɗauke ƙafa saboda matsalar tsaro, iyakar Ƙonni ma ta zauna a rufe daga watan Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Masu ziyarar da suka rage su ne na gida: ɗalibai daga jami'o'in Tawa da Maraɗi da Sakkwato, malaman makaranta, matafiyin da ya yarda ya sauka daga mota. In ana son sana'ar Falke ta samu magada, daga cikin waɗannan za a samu masu cewa a gina musu irinta.

Wanda zai je, ya daidaita tafiyarsa da ƙarshen bazara, kafin ruwan farko. Lokacin ne ake hawa rufin gine-ginen ƙasa a share indararo, a toshe tsaga, a sake shafe inda ya zaizaye. Tambayar da ake kai wa Masalata, yaya damina za ta kasance, ita ce magini ma yake yi yana tsaye a kan soro. A wannan ƙasa hadari daga gabas yake tasowa, iska ta koro ruwa a karkace ya doki bango. Alƙibla ma gabas take. Don haka a kowane masallacin ƙasa na Adar, bangon da liman yake fuskanta shi ne yake fara shan ruwa, kuma daga shi ake fara yaɓe.